Mai Tsaron Bohol na Jikwoyi

Idan ka sauka daga titin Nyanya zuwa Karshi ka gangara cikin Jikwoyi, akwai wani layi da mutane ke kira layin bohol, ko da yake ba a rubuta sunan a ko'ina ba. A ƙarshen layin akwai fili mai katangar bulo wadda ba a taɓa yi mata filasta ba. A cikin filin akwai baƙaƙen tankuna biyu a kan ƙarafa, da jerin kawunan famfo, da ɗan ƙaramin ɗaki mai rufin kwano a inuwar tankunan. A wannan ɗaki Malam Abdulƙadir ya yi kusan shekara ashirin, kuma ba shi da wani wurin kwana a duk faɗin Abuja sai shi.

Mutumin ƙasar Haɗeja ne, daga wani ƙauye wajen Birniwa. Mahaifinsa haƙar rijiya yake yi, haka ma kakansa. Shi ma tun yana saurayi aka fara ɗaura masa igiya a ƙugu ana zura shi ƙasa da ɗan gajeren magirbi da guga. A can ya koyi abin da 'yan gidansu suka sani: launin yashin da ke nuna ruwa ya kusa, da sanyin da ke taɓa ƙafa kafin ido ya ga danshi, da yadda rijiya ke ja baya a ƙarshen rani ta dawo idan damina ta zauna. Har yanzu idan ya kurɓi ruwa sai ya ɗan riƙe shi a baki kafin ya haɗiye.

Sana'ar ta mutu a hannunsa. Motocin haƙa suka shigo ƙauyuka, abin da shi da ƙannensa ke yi a wata biyu su yi shi a yini biyu. Matarsa Fadima ta yi jinya ta rasu, ta bar masa 'ya ɗaya, Muhibba, wadda 'yar'uwarsa ta ɗauka ta riƙe. Sai ya hau mota ya zo Abuja. Ya yi dakon siminti a Dei-Dei har bayansa ya gaza, sannan ya dawo Jikwoyi yana tura kurar ruwa.

A nan wani tsohon ma'aikacin gwamnati, Alhaji Nazeer, ya gan shi. Alhajin ya haƙa bohol a filinsa yana neman wanda zai zauna masa a wurin, aka ce ga wani ɗan ga-ruwa da ya san ruwa. Ranar da ya miƙa masa mabuɗin ɗakin, ya kai shi gaban wani akwatin ƙarfe da ke manne a bango.

"Ka ga wannan koren maɓallin? Shi ke tayar da inji. Jan kuma shi ke kashewa. Ban da su kada ka taɓa komai, kada ka buɗe murfin nan. Wutar da ke ciki ba irin ta gida ba ce."

Malam Abdulƙadir bai taɓa buɗe murfin ba. Injin kansa, wanda masu aikin ke kira sumo, yana can ƙasa a cikin ruwa inda ba mai ganinsa. Shi dai ya san idan an kawo wuta ya danna kore, bututu ya ɗauki rawa, ruwa ya hau tanki. Bayan wasu shekaru Alhaji Nazeer ya rasu, matarsa Hajiya Mashkura ta koma Kaduna wurin 'ya'yanta. Janareton wurin ya lalace ba a sake gyara shi ba. Aka ci gaba da aiki da wutar layi kaɗai, Hajiya na kiran waya lokaci-lokaci ta ji lafiyar wurin.

Jikwoyi unguwar masu fita da sassafe ce. Kafin rana ta fito rabin mutanen layin sun tafi tare motar shiga gari, ba sa dawowa sai duhu ya yi. Ko a masallaci, ana sallame sallar asuba sahu ke watsewa. Abokan hirar Malam Abdulƙadir su ne 'yan ga-ruwa, waɗanda ke jera kurarsu a bakin ƙofa da safe. A cikinsu akwai Ɗan'auta, wani Bakatsine mai furfura a gemu, wanda bai taɓa shigowa filin da sallama kaɗai ba.

"Bahaɗeje! Buɗe mana famfo, ko sai an kawo maka kan kifi tukuna?"

"Ka fara toshe jarkarka mai yoyo. Rabin ruwana a titi kake zubar da shi, mutanen Jikwoyi na cewa Bakatsine ya zo yi musu noman rani."

"Ruwanka? Kai da ko bokiti ba ka da shi, sai buta!"

"Butar ma ta fi kurarka lafiya. Jiya tun daga kwana nake jin kukan tayarta, na ce ko akuya aka yanka."

Haka za su yi ta yi har jarkoki su cika. Wani lokaci Ɗan'auta ya kawo ƙosai a takarda su ci a tsaye. Idan rana ta take, kurar ƙarshe ta fita, filin ya yi shiru sai ɗigar famfo. Malam Abdulƙadir ya share wurin, ya dafa abin da zai dafa a risho, ya zauna a benci da rediyonsa. Muhibba ta yi aure a gida, tana kiransa ranar Juma'a idan mijinta ya bar mata waya.

A ƙarshen ranin bana, guguwar farko ta zo da ƙarfi ta kayar da falwayar da ke bakin layin. Aka yi kwanaki babu wuta. 'Yan layin suka gaji da jira, suka haɗa kai suka ɗauko wasu masu gyara, aka kafa wata falwayar aka mayar da wayoyi. Wuta ta dawo. Kwan fitila ya kama, fankoki suka juya, firjin Christina mai sayar da kunun aya a gidan da ke jikin katanga ya ci gaba da sanyi. Kowa ya ce an yi aiki mai kyau.

Malam Abdulƙadir ya danna kore. Bututu ya ɗauki rawa kamar kullum, amma ruwan da ya hau tanki siriri ne, bai fi kaurin yatsa ba. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya kanga kunnensa a jikin bututun, ya ji sautin ya canza, ya yi sauƙi kamar abin da ke juyawa ba ya kama komai. Ya tari ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana.

Bai yi mamaki ba. Watan da rijiyoyi ke ja baya ke nan, kuma ranin ya yi tsawo. Ga shi a 'yan shekarun nan kusan kowane sabon gida a unguwar sai ya haƙa nasa bohol ɗin. Ya gaya wa 'yan ga-ruwa su yi haƙuri, ƙasa ce ta sha ruwanta, idan damina ta zauna zai dawo.

Ɗan ga-ruwa ba ya iya jira. Tankin da ke cika kafin hantsi ya koma yini guda bai kai rabi ba, kuma wutar ba kullum take yini ba. Mutum ya zo da kura ya tsaya har rana ta yi zafi bai cika jarka huɗu ba, masu jiransa a gidaje sun kira wani. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wani bohol da ke bayan kasuwa. Ɗan'auta ne ya fi daɗewa. Wata safiya ya zo, ya jingina kurarsa, bai sauke jarka ko ɗaya ba.

"Bahaɗeje, ni ma fa zan bi su."

"Da ma me ka tsaya yi? Kullum kana cika mini wuri da surutu."

"Idan ruwan ya dawo ka aiko."

"Wa zan aika? Tankin?"

Ɗan'auta ya yi dariya, ya ajiye masa ƙullin goro a kan benci, ya juya kurarsa. Bayan kasuwa ba nisa ba ne, amma mai tura ruwa yini guda ba ya da ƙafar ziyara, shi kuma mai tsaro ba ya barin wurin tsaronsa.

Damina ta sauka sosai. Ruwa ya ci hanyoyin Jikwoyi, ciyawa ta fito a gindin tankuna. Kowace safiya bayan an kwana ana ruwa, Malam Abdulƙadir ya danna kore ya tsaya yana kallon bakin bututu. Ba abin da ya ƙaru. Christina kan shigo da bokiti biyu ta tara, ta ce, "Baba, yaya ruwa yau?" ya ce, "Da sauƙi, Maman Elvis," ta ɗauka ta fita. Akwai ranakun da wannan ce kaɗai maganar da ta haɗa shi da wani mutum, in ban da sallama a masallaci. A lokacin ne ya lura ya fara amsa wa rediyo.

Da watan Agusta ya raba, ya kira Hajiya Mashkura da kansa, abin da bai saba yi ba.

"Hajiya, ranki ya daɗe, rijiyar nan ta mutu."

"Inna lillahi. Malam Abdulƙadir, ka tabbata? Ko in turo wanda zai duba injin?"

"Inji lafiyarsa lau, Hajiya, ina jin motsinsa a hannuna. Ruwan ne babu. Ni a cikin rijiya na girma. Idan damina ta kai nan idon ruwa bai buɗe ba, ba zai buɗe ba. Ba zan ɓoye miki in ci gaba da zama a kan abin da ba ya amfanar ki ba."

Hajiya ta ce tun Alhaji na da rai ba ta taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, don haka ba ta da abin cewa. Akwai wani ɗan kasuwa mai sayar da tayil a Dei-Dei da ya daɗe yana neman filin, tana hana shi saboda ruwan da mutane ke samu. Tunda ruwan ya ƙare, za ta yi magana da 'ya'yanta.

Ya san abin da maganar take nufi ga ɗakinsa tun kafin ya danna lambarta. Ya yi sati yana juya abin a ransa, ya ga idan ya yi shiru ya ci amanar mamaci.

Bayan 'yan makonni wani mutum ya zo a kan babur da jakar kayan aiki a baya. Sunansa Thaddeus, mai aikin wuta ne daga wajen Akwanga, yana da shago a Karu. Hausarsa irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Sannu Baba. Oga ne ya turo ni, wanda ya sayi wurin. Ya ce in cire sumo da akwatin wuta, za a kai wani saiti inda yake gini."

Malam Abdulƙadir ya nuna masa akwatin, ya koma gefe. Thaddeus ya buɗe murfin, gizo-gizo ya gudu daga ciki. Ya ce kafin ya wahalar da kansa wajen jawo inji daga ƙasa, bari ya ga ko yana da rai. Ya danna kore, ya maƙala wata na'ura mai baki kamar ƙaguwa a jikin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya dubi lambobin. Ya fita ya kalli siririn ruwan. Ya dawo ya sake dubawa.

"Baba, wannan ruwa, a hankali ya rage, abi rana ɗaya?"

"Rana ɗaya. Ƙarshen rani ne."

"Wane rana?"

"Ranar da aka dawo da wuta, bayan iska ta kayar da falwaya."

Thaddeus ya dube shi. Ya kashe babban makunni, ya gwada da abin gwajinsa ya tabbatar ba wuta. Wayoyi uku ne suka shigo akwatin, ja da rawaya da shuɗiya. Ya kwance biyu daga ciki, ya sa wannan a gurbin waccan, ya ɗaure, ya mayar da wuta.

"Danna, Baba."

Bututun ya yi wata girgiza da Malam Abdulƙadir ya yi wata biyar bai ji ba. Ruwa ya bugi cikin tanki da ƙara, har Christina ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko wani abu ne ya fashe. Tsohon ya tsaya da yatsansa a kan maɓallin, bai sauke ba.

"Me ka yi mata?"

"Ban yi ma rijiya komai ba. Rijiyan ka lafiya lau. Injin ne yana juya baya-baya tun ranan nan."

Ya zauna a bakin benci yana goge hannu, ya yi masa bayani. Wutar batir, irin ta tocila, hanya ɗaya take bi, daga wannan kai zuwa wancan. Wutar da ke zuwa ta falwaya ba haka take ba, zuwa take yi tana komowa, sau hamsin a cikin sakan ɗaya, shi ya sa ido ba ya ganin kwan fitila na ƙiftawa. Gidajen layin waya ɗaya mai wuta kowannensu ke ɗauka, kuma fitila ko firji ba su damu da wacce aka ba su ba. Babban inji irin wannan kuwa uku yake ɗauka, kuma ukun ba tare suke bugawa ba, bi da bi suke yi.

"Ka san yadda mata uku suna daka a turmi ɗaya? Wannan ya buga, wannan ya buga, wannan ya buga, yana zagayawa ta dama."

"Lugude," in ji Malam Abdulƙadir.

"Yawwa, lugude. To idan biyu suka canza wuri, daka bai tsaya ba, kana jin ƙara, amma zagayen ya koma ta hagu. Inji kuma zagayen yake bi. Masu gyaran falwaya sun juya waya biyu, ba su sani ba, don ba wanda ya yi kuka. A duk layin nan kai kaɗai ne mai fes uku, wato waya uku masu wuta. Sumo idan yana juya baya, zai kawo ruwa, amma kaɗan."

Christina ta riga ta shigo da bokitai. "Baba! Wata biyar muna shan wahala saboda waya biyu? Me ya sa ba ka kira mai wuta ba?"

"Ruwa ne ya ragu, Maman Elvis. Wuta tana nan, inji yana motsi. Wa zai kira mai wuta saboda ruwa?"

Thaddeus ya ce gaskiya ko shi aka gaya wa a waya cewa bohol ya ƙafe a watan Afrilu, zai yarda. Malam Abdulƙadir ya shiga ɗaki ya ɗauko wayarsa, ya fita bayan tankuna inda ƙarar ruwan ba za ta hana ji ba.

"Hajiya, na gaya miki abin da ba haka yake ba. Rijiya tana da rai. Ga ruwa nan yana zuba, ko kina ji?"

Ya ɗaga wayar sama, ya mayar kunne.

"Malam Abdulƙadir, an sa hannu tun makon jiya. Yara sun je da lauya, an gama."

"Ba a iya warwarewa?"

"Da wane baki? Mutumin bai yaudare mu ba, mu muka kira shi." Ta ce ba ta riƙe shi da komai ba, abin da ya gani ya faɗa. Za ta roƙi mai filin ya duba lamarinsa.

Mai filin ya ji daɗin labarin, domin ba sai ya sayi ruwan tanka ba idan ya fara gini. Shaguna zai yi a gaba, ɗakunan haya a baya, bohol ɗin ya zama na 'yan haya. Ya sa Thaddeus ya bar injin a inda yake, ya ƙara masa wata na'ura mai tayar da shi idan tanki ya yi ƙasa, ta kashe shi idan ya cika, ba sai an danna komai ba. Labarin dawowar ruwa ya kai bayan kasuwa, wasu 'yan ga-ruwa suka zo da kurarsu, suka tarar an sa kwaɗo a ƙofa, an daina sayarwa. Ɗan'auta ba ya cikinsu. Wani ya ce ya tafi gida girbi, wani ya ce ya koma Masaka.

Roƙon Hajiya ya yi amfani daidai gwargwado. Aka kawo yashi da siminti da injin buga bulo, aka ba Malam Abdulƙadir aikin ban-ruwa. Sabon bulo yana son ruwa safe da yamma har ya yi ƙwari, in ba haka ba ya rugurguje a hannun magini. Yana jan tiyo tsakanin layukan bulo, yana bi ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake na tsakiya kamar yadda leburori ke yi. Shugaban maginan ya ce bai taɓa samun bulo mai ƙwari irin na wannan wurin ba.

Leburorin samari ne daga jihohi daban-daban, da Turancin Buroka suke hira, suna kiransa Baba su wuce. Da aka ja igiyar harsashi, ta bi ta tsakiyar ɗakinsa. Shugaban maginan ya bar wannan ɓangaren zuwa ƙarshe, aka haƙa ko'ina aka zagaye shi, har sai da ya zama ana shiga ɗakin ta kan katako. A makon da ya wuce ya zo ya same shi yana naɗe tiyo.

"Baba, gobe za mu cire kwano. Oga ya ce ka iya kwana a rumfan siminti har mu gama."

"In kun gama fa?"

"Wannan sai oga."

Muhibba ta ce ya dawo gida, mijinta ya ware masa ɗaki a zaure. Ya ce mata sai an gama ginin, bai kamata ya bar bulon mutane ya bushe ba. Washegari da safe ya kwashe kayansa, buhu biyu da risho da tabarma, ya kai rumfar ya jera a bayan buhunan siminti. Leburori biyu suka hau rufin da guduma. Ɗaya ya leƙo ya tambaye shi ko yana son ƙofar, don katakonta yana da kyau.

"Ku ba Maman Elvis," in ji shi. "Ta bayan gidanta ta ruɓe."